Motar lantarki ko ta fetur? Fara gaya min inda motar za ta riƙa kwana

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kana so ka canza mota, kullum kana cin kamar kilomita 50 zuwa 60 tsakanin gida da wajen aiki da kai yara makaranta, sannan jefi-jefi doguwar tafiya tana kama ka, kuma mutane sun raba maka hankali, wasu sun ce ka sayi mai lantarki ka huta da kuɗin mai, wasu sun ce kar ka soma batirin zai mutu ya bar ka da gangar ƙarfe. To aikina kenan, na daɗe ina kula da motocin aiki iri biyun nan, daga lissafin abin da suke sha har zuwa gyaransu, dan haka bari in gaya maka yadda abin yake ba ɓoye-ɓoye.

Abu ɗaya ne baka faɗa min ba kuma shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya: a ina motar za ta kwana, kuma akwai wuta tsayayyiya a wurin? Ba nisan da take zuwa ba, ba sunan kamfanin ba. In kana da wurin ajiye mota naka da za a ja waya, kuma wutar tana zama ko da awa shida zuwa takwas ne a dare, to motar lantarki za ta yi maka sauƙi ƙwarai da gaske. In babu wannan, in a bakin titi take kwana ko gidan haya ne mai bene da baka da iko da mita, to yawancin ribar da ake ta kururutawa ba za ta zo hannunka ba, wahala ce kawai zaka ƙara wa kanka. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan ya ɗoru.

Mu fara da kuɗin tafiya tunda shi ya fi damun kowa. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9 na wuta, yunit ɗin nan da mita take ƙirgawa, wato kWh. Amma injin fetur ba ya iya mayar da shi duka tafiya, a tuƙin yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai yake isa taya, sauran duk zafi ne, shi ne wanda lagireto yake fama da shi da wanda yake fita ta salansa. Ko injinan Toyota na zamani da ake yabo, kusan kashi 40 suke kaiwa, shi ma sai a yanayi mafi kyau. Injin lantarki kuwa yana mayar da wajen kashi 90 na abin da batir ya ba shi. Daga nan bambancin ya taso, ba wani siddabaru.

A aikace, mota matsakaiciya mai fetur tana shan lita 7 a kilomita 100, wata 6 wata 8, in ta tsufa ko cunkoso ya yi yawa ta wuce haka. Irinta mai lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 daga batir. Amma ka lura, ba abin da motar ta nuna maka zaka biya ba, abin da mita ta ƙirga zaka biya, kuma wajen caji ana asarar kashi 10 zuwa 15 a matsayin zafi, dan haka ka ɗauka yunit 19 kawai. Raba 19 da 7, ya ba ka kusan 2.7. Ni dai abin da nake gaya wa kowa shi ne ya cike shi ya zama uku dan kar ya yaudari kansa: ka tambayi kuɗin yunit uku na wuta a inda kake, ka ajiye shi kusa da kuɗin lita ɗaya ta fetur. In yunit ukun rabin kuɗin lita ne, kuɗin tafiyarka ya ragu da rabi. In sun yi kunnen doki, to ba abin da ka tsira da shi a nan ɓangaren. Wannan lissafin yana aiki a kowace ƙasa da kowane irin kuɗi, kuma ya fi duk wani talla da za a nuna maka.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa na matsa a kan inda take kwana. Yunit ɗin gida shi ne mafi araha, wasu ƙasashen ma suna da farashin dare na musamman da ya fi na rana sauƙi sosai. Amma cajar gaggawa ta kan hanya, wadda kamfani ya kashe maƙudan kuɗi ya kafa da taransifoma da komai, yunit ɗinta yana iya ninka na gida sau biyu ko uku ko ma fiye, kuma a ƙasashe da dama na Turai wanda ya dogara da ita kaɗai yana biyan kusan abin da mai fetur yake biya, wani lokacin har ya ɗara. Mota ɗaya ce fa, mutum biyu, ɗaya yana murna ɗaya yana nadama, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Sai maganar janareta, dan na san za ta zo maka a rai. Kar ka yi. Ƙaramin janareta mai fetur yana shan wajen rabin lita ko fiye kafin ya ba ka yunit ɗaya, yunit 19 kenan ya zama lita 9 da wani abu, ka ga ka ƙona man da ya fi na motar fetur ɗin da ka gudu, ga ƙara ga hayaƙi, sannan motoci da yawa ma ƙin karɓar cajin suke yi in ba su ga atin mai kyau ba, wato wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa. A ajiye shi dan ranar larura kawai. Sola kuwa magana ce ta daban, tana yi. A wurin da rana take da ƙarfi, faranti na kilowat ɗaya yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini, kai kuma kilomita 60 ɗinka yunit 11 ko 12 suke buƙata, wajen kilowat 3 na faranti kenan dan mota kaɗai. Matsalar ita ce lokacin da rana take bugawa motar tana wajen aiki, to ko dai a sa cajar a can, ko ka sayi batirin gida da zai tara maka, wannan kuma wani kuɗin ne babba da dole ya shiga lissafi.

Bari in tsaya kaɗan a kan cajin gida dan a nan mutane suke yin ganganci. Soket na yau da kullum mai volt 230 yana ba mota kusan kilowat 2.3, in ta kwana awa goma a kai ta samu wajen yunit 20, tafiyar kilomita 110 zuwa 120 kenan, ya ninka abin da kake ci a rana. A Amurka inda soket ɗinsu volt 120 ne abin ya fi haka jan ƙafa. Kenan ba lallai sai ka sayi wata babbar caja ba. Amma soket ɗin bango ba a yi shi dan ya ja wuta mai nauyi awa goma ba hutu ba. Dutsen guga minti kaɗan yake ja ya yanke, mota ba ta yankewa. Na sha buɗe soket ɗin da aka yi wata da watanni ana cajin mota da shi, robar gefen ramin ta koma ruwan ƙasa, ta yi laushi, in ka kwance bayansa sai ka tarar da sukurun waya ya saki, jan ƙarfen ya yi baƙi, yana warin ƙuna, kuma mai gidan bai san komai ba dan motar tana cika kullum da safe. Irin wannan ne yake tayar da gobara, ba motar ba. Dan Allah ka kira mai aikin wuta wanda ya san hannunsa, ya ja wa motar layinta ita kaɗai tun daga allon gida, waya mai kauri, da bireka nata, da atin na gaske, kuma kar a sa doguwar wayar ƙari ta kasuwa ko a bar ta a nannaɗe. Kwanakin farko in ta yi awa ɗaya tana caji ka je ka taɓa kan filogin, ɗumi-ɗumi ba laifi, in ya fi ƙarfin hannu a cire. In da hali a sa cajar bango mai kilowat 7, wannan za ta cika batir mai yunit 60 a awa takwas zuwa tara.

To nisa. Lambar da aka rubuta a takardar mota ka fara tambayar wane gwaji ne ya ba da ita, dan ba ɗaya ba ne. Na Amurka, EPA, shi ya fi kusa da gaskiya. Na Turai, WLTP, wanda aka fara a 2017, yana ɗan ƙarawa. Na Sin, CLTC, shi ya fi kowa zuzutawa dan gwajin yana da tafiyar cikin gari a hankali da yawa, to in ka ga motar da aka rubuta kilomita 500 na CLTC ka cire wajen kashi ɗaya cikin huɗu kafin ka fara tsara hanya da ita, a babban titi ma fiye da haka.

Wani abu da yake rikita sababbin shiga shi ne halinta kishiyar na motar fetur ne. Ta fetur tana shan mai a cunkoso, ta huta a babban titi. Ta lantarki a cikin gari take jin daɗi, in ta tsaya ba ta cin komai sai na AC, in ka ɗaga ƙafa daga totur injin ya koma janareta ya mayar da wuta batir. Babban titi ne yake cinye ta, sabida iska. Turjiyar iska ba ta tafiya daidai da gudu, ninkawa take, daga 90 zuwa 120 a awa tana ƙaruwa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Ɗauki mota mai batir yunit 60 da takarda ta ce za ta yi kilomita 430. A gari za ta iya kaiwa kusa da hakan. Ka hau babban titi ka zauna a 120 da AC da iyali da kaya, za ta riƙa cin yunit 21 ko 22, ka ga 270 zuwa 280 kenan. Kuma ba wanda yake tuƙi har sifili. Daga gida ka fita da ita a cike, amma bayan tsayawar farko tsakanin kashi 10 da 80 na batir zaka riƙa yawo, kusan kilomita 190 kenan tsakanin caji da caji. Wannan ita ce lambar gaskiya ta doguwar tafiya, ba 430 ba. In ka ɗora kaya a saman rufi ta ƙara raguwa, in ka ja tirela kuwa tana iya komawa rabi.

Yanayi ma yana taɓa ta. Ƙungiyar direbobi ta AAA a Amurka ta yi gwaji a 2019, ta ga a sanyin kusan digiri 7 ƙasa da sifili da hita a kunne nisa ya ragu da kashi 41, a zafin digiri 35 da AC kuma ya ragu da kashi 17. Dalilin da sanyi ya fi ci shi ne motar fetur kyauta take samun ɗumi daga zafin injin da dama asara ne, ita kuwa wannan sai ta ciro daga batir. Sababbi da yawa yanzu suna zuwa da na'urar ɗumama da ta fi tattali, abin ya ragu amma bai tafi ba. Dabara ɗaya mai sauƙi, ka kunna AC ko hita tun tana jone da caja kafin ka fita, sai wutar gida ta ɗauki nauyin farko.

Me ya sa nake cewa 80? Sabida cajar gaggawa ba ta tafiya da gudu ɗaya. In batir yana ƙasa yana karɓa da ƙarfi, yana cika kwamfutar motar tana rage wutar dan kar ƙwayoyin batirin su lalace, sau da yawa lokacin da zaka ɓata daga 80 zuwa 100 ya kusa kai wanda ka ɓata daga 10 zuwa 80. Yawancin motocin yanzu suna yin 10 zuwa 80 a minti 25 zuwa 40. Hyundai Ioniq 5 mai tsarin volt 800 tana yi a kusan minti 18, amma sai a caja mai kilowat 350, in ka same ta a mai 50 to sai ka nemi wurin zama. Kuma lambar da ke jikin cajar ba alkawari ba ce, motar ce take yanke iya abin da za ta karɓa. Nan kam fetur ya yi gaba, ba musu, minti biyar ka cika tanki ka yi kilomita 600 ko 700, kuma in ya ƙare a daji ana kawo maka a jarka. Ba wanda zai kawo maka wuta a jarka. Dan haka kafin ka saya, ɗauki hanyar da ka fi bi, ka nemo cajojin da ke kanta, ba a taswira kawai ba, ka tabbatar suna aiki, kuma a kowane zango akwai ta biyu in ta farko ta mutu ko ka tarar da layi.

Ka kuma duba bakin cajar, wannan ƙaramin abu ne da ya sa mutane da yawa kuka. Ba iri ɗaya ba ne a duniya. Turai CCS2, Sin GB/T, tsofaffin motocin Japan irin Nissan Leaf CHAdeMO, Amurka kuma CCS1 da na Tesla da ake kira NACS wanda sauran kamfanoni suke komawa kansa yanzu. Motar da aka yi dan kasuwar Sin in aka kai ta inda cajoji CCS2 ne sai da adafta, adaftar cajar gaggawa kuma tana da tsada kuma ba kullum take yarda ba.

Yanzu batir, wanda shi ne abin da aka fi tsorata ka da shi. Mutane suna auna shi da batirin waya da yake kumbura bayan shekara biyu, kuma ba su rasa dalili ba. Nissan Leaf ta farko da ta fito a ƙarshen 2010 batirinta yunit 24 ne, EPA ta ba ta kilomita 117 kacal, kuma ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, zuwa 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka fara ƙorafi batirin yana zubewa da wuri. Wannan labarin ne ya bi motocin lantarki har yau. Amma yawancin na yanzu ruwa ne yake zagaya batirinsu yana riƙe zafinsa. Kamfanin Geotab da yake bin diddigin dubban motocin aiki ya fitar a 2024 cewa a matsakaici batir yana rasa kusan kashi 1.8 a shekara, kenan bayan shekara goma yana nan da wajen kashi 80. Ba mutuwar farat ɗaya yake yi ba, raguwa yake a hankali. Garantin da aka saba bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, in ya faɗi ƙasa da kashi 70 su gyara ko su canza. Sai dai ka tambaya da kyau, garanti yakan tsaya a ƙasar da aka sayar da motar, in wani ne ya shigo da ita ta bayan fage ba ta hannun dilan kamfani ba, takardar ba ta da amfani.

Zafi shi ne babban maƙiyinsa, musamman a bar shi cike taf a rana kwana da kwanaki. Kuma iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai NMC mai nikel da kobalt, ya fi ɗaukar wuta a nauyi kaɗan, shi ana so a tsayar da shi a 80 kullum sai ranar tafiya. Akwai LFP, wanda kamfanonin Sin irin CATL da BYD suka yi fice a kai, ya fi arha, ya fi jure zafi da yawan caji, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma shi ana ma so a riƙa cika shi ɗari lokaci-lokaci dan kwamfutar ta daidaita lissafinta, illarsa nauyi da rauni a sanyi. Ni a ra'ayina, ga mai irin zirga-zirgarka, in ba a ƙasar ƙanƙara kake ba, LFP mai sanyaya ruwa zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Canza batir gaba ɗaya kuwa har yanzu kuɗi ne mai nauyi, ba zan rage maka ba, a tsohuwar mota yana iya kusan kai darajarta. Abin da ya sauƙaƙa shi ne farashi yana ta sauka, a 2010 yunit ɗaya na batir ya haura dala 1,000, a 2024 BloombergNEF ta ce matsakaicinsa dala 115.

Kuɗin saye ya danganta da inda kake, sosai ma. A Sin, inda kusan rabin motocin da aka sayar a 2024 masu jona caji ne, hukumar makamashi ta duniya IEA ta ce wajen kashi biyu cikin uku na masu lantarkin sun fi takwarorinsu na fetur arha. A Turai da Amurka har yanzu sun fi tsada. In an kawo maka misalin Norway, inda kusan kashi 89 na sababbin motocin 2024 masu lantarki ne, ka tuna gwamnati ce ta yi shekaru tana yafe musu harajin kashi 25 tana lafta wa na fetur, kuma wutarsu mafi yawanta daga madatsun ruwa take. Jamus ta yanke tallafinta kwatsam a Disambar 2023, shekarar da ta biyo cinikin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Birtaniya ta fara karɓar harajin hanya a kansu daga Afrilun 2025. Ina kawo maka waɗannan ne dan kar ka gina lissafinka na shekara takwas a kan rangwamen da gwamnati za ta iya janyewa gobe.

Abin da ba a cika faɗa ba kuma shi ya fi cin kuɗi shi ne faɗuwar daraja. Da Tesla ta yi ta sare farashin sababbi a 2023, duk wanda yake riƙe da ta hannu ya wayi gari motarsa ta zube. Kamfanin hayar motoci na Hertz a Janairun 2024 ya sanar zai sayar da guda 20,000 daga cikin motocinsa na lantarki, dalilinsa faɗuwar daraja da tsadar gyara bayan haɗari. In kai mai canza mota ne duk shekara biyu ko uku, wannan asarar tana iya haɗiye duk abin da ka tara na mai. In mai riƙewa ne shekara takwas ko goma, ba ta dame ka sosai ba, in ma ta hannu zaka saya to kai ne ka ci ribar faɗuwar. Inshora ma ka tambayi kuɗinta tun kafin ka biya, dan a wurare da yawa ta fi tsada, batirin a ƙasan mota yake kwance, dutse ko ramin da ya daki murfinsa na iya sa a ce a canza shi duka.

Gyaran yau da kullum kam sauƙi ne na gaske. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba belin injin, ba kuloci, ba salansa, giyarta ɗaya ce ba ta canzawa, birki yana daɗewa dan injin ne yake yawan tsayar da ita. Amma ba wai ba a taɓa ta ba. Batirin yana ƙara mata kilo 300 zuwa 500, ga ƙarfin fizga tun daga tsaye, dan haka taya tana cinyewa da wuri in ƙafarka tana da nauyi, ƙafafun mota ma suna jin jiki a hanya mara kyau. Tana da ƙaramin batir mai volt 12 kamar kowace mota, kuma wallahi shi ya fi yawan ajiye mutane a hanya, in ya mutu motar ko buɗe ido ba za ta yi ba ko da babban yana cike. In ta tsaya ba a janta da igiya tayoyi a ƙasa, ɗora ta ake a kan babbar mota. Babban abin dubawa shi ne wa zai gyara in abu ya lalace a ɓangaren wutar. Wayoyin nan masu ruwan lemo volt 400 ne ko 800 a cikinsu, suna kisa, ba aikin mai rewayar da ya saba da volt 12 ba ne. Motar fetur kowane gari akwai bakaniken da zai lallaɓa ta. Wannan in babu wanda aka horar kuma yake da kwamfutar kamfanin da kayan gyara kusa da kai, ƙaramar matsala za ta iya zaunar da ita wata biyu tana jiran kaya.

To mu dawo kanka. Kilomita 60 a rana wajen 20,000 ne a shekara. A fetur lita 1,400 kenan, a lantarki yunit 3,800. Sa farashin inda kake a kowanne, ka cire, ka ƙara ɗan abin da zaka rage na sabis, abin da ya fito shi ne ribarka ta shekara. Sai ka ɗauki bambancin kuɗin sayen motocin biyu haɗe da kuɗin jan waya da caja, ka raba da wannan ribar. In ya ba ka shekara uku ko huɗu kuma kana da wurin caji a gida, ka saya hankalinka kwance, kuma kar ka biya kuɗin ƙaton batir dan tafiyar da kake yi sau kaɗan a shekara, mai yunit 50 zuwa 60 ya ishe ka, a ɗan tsaya a hanya ko a yi hayar mota ranar ya fi arha nesa ba kusa ba. In ya ba ka shekara takwas ko tara, to ba dan tattali kake saye ba, sai dai dan shirunta da daɗin tuƙinta da rashin hayaƙi, waɗannan ma dalilai ne masu kyau amma ka san su ka saya. Shi ya sa masu tasi da motocin kai kaya da bas-bas suka fi kowa cin moriyarta, suna cin hanya da yawa kuma suna komawa wuri ɗaya su kwana, birnin Shenzhen tun ƙarshen 2017 ya mayar da bas ɗinsa sama da 16,000 na lantarki.

In kuma babu wurin caji, ko wutar ba ta da tabbas, ko hanyar da kake bi ba cajoji, ka nemi haibirid, wato mai injin fetur da ƙaramin batir a haɗe, irin wadda ba a jona ta, wadda Toyota ta fara da Prius tun 1997. Tana shan lita 4 zuwa 5 a gari, ba ruwanka da soket, kuma makanikai da yawa sun riga sun san ta. Mai jona caji da injin fetur a haɗe ita ma tana da kyau amma fa sai in zaka riƙa cajinta kullum, in ba haka ba batir kawai kake ɗauka kana yawo da shi yana ƙara maka shan mai.

In ta hannu ka samu, kar ka yarda da kilomitan da allon motar yake nuna cajin zai kai ta, hasashe ne daga tuƙin baya, mai sayarwa zai iya tuƙa ta a hankali kwana biyu lambar ta hau. A sa mata kwamfuta a karanta lafiyar batirin, ƙasa da kashi 80 sai dai in farashin ya faɗi sosai. A ɗaga ta a duba ƙasan batirin ko ya lotsa ko an taɓa buɗe shi, a duba ƙarƙashin kafet da kujeru ko ta taɓa nutsewa a ambaliya, in ta taɓa ka bar ta ko nawa aka ce. Sannan ka kai ta cajar gaggawa da kanka ka jona, ka tsaya minti goma ka ga wutar da take karɓa, ka kuma gwada ta a soket, dan hanyoyin cajin biyu daban suke kuma ɗaya tana iya mutuwa ɗayar tana aiki.